Takardar da Hajiya Ta Aiko Mini Daga Ɗakinta

Al-Azizya, Madina
Laraba, 9 ga Rajab

Zuwa ga Innata, Hajiya Zinariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwar da ta goye shi, cike da ladabi da kewa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki a Gumel. Allah ya ƙara miki nisan kwana mai albarka, ya sassauta miki gwiwar nan da kike ta faɗa da ita tun bara. Na sa sunanki a addu'a a Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar Juma'ar da ta wuce, kamar yadda nake yi kowace Juma'a, ko da kina cewa ba ki yarda ba sai kin gani da idonki.

Mu nan muna cikin alheri. Mai ɗakina Suhaila tana gaishe ki da kyau, ta ce daddawar da kika aiko ta ƙare tun kafin Maulidi, kuma ita ba roƙo take ba, labari kawai take bayarwa. Usama ya fi ni tsawo yanzu, Hibatullahi kuma ta shiga izu na arba'in. Hausarsu dai tana nan yadda kika sani: su ji sarai, su amsa da Larabci. Za ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Alhaji Mahmudu alhali kullum muna waya. Na gwada faɗa miki wannan magana sau biyu a waya, duka biyun na ɓige da tambayar ki lafiyar awaki. Shi ya sa na zauna na rubuta, Hassana ta karanta miki a tsanake.

Inna, shekara uku ke nan tun da na ɗauko Hajiya, yayarki da ta haife ni, na kawo ta nan saboda ciwon sugarta. Duk lokacin da kika tambaye ni jikinta nakan ce miki da sauƙi ƙwarai. Ban yi miki ƙarya da gangan ba, amma abin da na riƙa faɗa miki ba gaskiya ba ne. Ban san haka ba sai watan jiya, ta wata hanya da Allah ya bi ya sanar da ni. Ina so ki zo Madina. Na san amsar da kika ba ni sau biyu a baya, don haka ki daure ki ji labarin har ƙarshe kafin ki ba ni ta uku.

Kin san bayan koyar da ilimin magunguna a jami'a ina ɗan taɓa bincike. Bara wata abokiyar aiki ta neme ni, Dakta Ilham, Musulma ce 'yar ƙasar Sifaniya, can inda ake kira Andalus a littattafai. Ita da mutanenta sun tsara wata takardar tambayoyi, a nan istibyan suke ce mata, tambaya ashirin da huɗu, don masu ciwon da ba ya warkewa sai dai a zauna da shi: suga, hawan jini, ƙoda, zuciya. Ba jini take aunawa ba, zaman mutum da ciwonsa take aunawa. Shin yana barci? Ya daina zuwa inda ya saba zuwa? Yana jin ya zama kaya ga iyalinsa? Kowace tambaya mutum ya zaɓi amsa ɗaya cikin biyar, daga “sam” har zuwa “kullum”. Sun shekara huɗu suna gwada ta a kan masu jin Sifaniyanci, a ƙasarsu da kuma Kolombiya da wasu ƙasashen da ke can ƙetaren teku, har suka tabbatar tana faɗin gaskiya. Sai ta ce tana so a gwada ta a wani harshe mai nisa da nasu, kuma ta ji Madina cike take da tsofaffin Hausawa. Muka fassara ta, muka ba wani ya mayar da fassarar baya don a ga ko ma'ana ta zube a hanya, sannan muka buga ta da boko da ajami.

Ba a yarda da irin wannan takarda haka kawai. Kamar sabon mudu ne: sai kin auna gero ɗaya da shi yau, kin sake aunawa gobe, kin ga bai ba ki magana biyu ba. Mu ma haka muke yi. A tambayi mutum yau, a bari mako biyu, a sake tambayarsa. Idan jikinsa bai canja ba amma amsarsa ta canja, to takardar ce ba ta da kyau, sai a jefar.

Kafin mu fita da ita na ce bari in gwada a gida in ji ko Hausar ta zauna. Na shiga ɗakin Hajiya bayan sallar Azahar, na zauna daga bakin ƙofa kamar kullum. Kin san yadda muke da ita. Tun da aka yaye ni aka miƙa miki ni, har yau da furfura a gemuna, ba ta taɓa kiran sunana ba, “ɗan Zinariya” take cewa, ko “mai gidan nan”. Na karanta mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta juya fuska wajen taga tana jan carbi. Ciwo yana hana ki barci? Sam. Kin bar wani abu da kike so saboda ciwo? Sam, alhamdu lillahi. Cikin minti shida muka gama. Na fito ina ta fara'a, har na kira Dakta Ilham ina yi mata alfahari cewa mahaifiyata shekara goma sha huɗu da suga amma ta fi ni zaman lafiya. Ki ji fa, Inna, wai ni ne mai digiri uku.

Muka raba wa mutum tamanin a wani asibiti da muke aiki da shi, yawancinsu mata, 'yan Kano da Damagaram da waɗanda iyayensu suka biyo ta Sudan da Chadi da ƙafa. Da yawansu ido ya yi rauni, wasu kuma ba su karatu. Ƙa'idar da aka bi a Sifaniya ita ce wanda ya rako majiyyaci ya karanta masa ya cike, kuma a can hakan bai ɓata komai ba. Muka bi ƙa'ida. Da mako biyu ya cika, mutane da yawa ba su dawo ba, sai muka roƙi wata dattijuwa ta bi su gida-gida. Sunanta Hajiya Tasallah, haifaffiyar nan ce, a unguwar Ƙiblatain take zaune, ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta ajiye. Ita ta zauna da su ta karanta musu zagaye na biyu da bakinta.

Da muka haɗa zagayen biyu, sai kaina ya ɗaure. Mutum talatin da ɗaya sun ba mu magana biyu, kuma ba ɗan bambanci ba. Matar da ta ce “sam” a kusan komai, bayan kwana goma sha huɗu ta koma “kullum” a kusan komai, alhali maganinta da awon jininta ba su motsa ba. Dakta Ilham ta kira ni a bidiyo fuskarta duk a dame, ta ce a cikin dubban takardun da ta gani ba ta taɓa ganin haka ba, kuma in ba mu gano dalili ba dole mu rubuta cewa takardar ba ta aiki a Hausa. Na yi mako guda ina zargin fassarata, ina bin kalma-kalma, ban sami komai ba.

Hajiya Tasallah ce ta zo ofishina ta same ni cikin tulin takardu. Ba ta dubi lissafina ba ko sau ɗaya. Ta ce in ware mata talatin da ɗayan nan, ta riƙa juya kowace takarda tana duba sunan wanda ya cike a zagayen farko. Ta san gidajen duka. Wannan babban ɗanta ne, wannan babbar 'yarta ce, wannan ma haka. Ashirin da bakwai cikin talatin da ɗaya 'ya'yan fari ne, sauran huɗun kuma surukai. To dama wa zai kai tsohuwa asibiti in ba babba ba, shi ke da mota, shi ke riƙe da iƙama, wato takardar izinin zama, da katin asibiti. Ta ajiye takardun ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, da Hausarta mai gauraye da Larabci, wallahi ya Duktur wannan aib ne, abin kunya ne, wace uwa ce za ta dubi ɗan farinta ta ce masa ba ta barci, ko fitsari yana kufce mata, ko tana kuka in ta kaɗaita? Ta ce 'ya'yan da aka haifa a nan ba su san wannan kunya ba, shi ya sa suka rubuta abin da aka faɗa musu da zuciya ɗaya, amma ni da na sha ruwan Gumel mene ne uzurina?

Muka sake aikin daga farko. Muka hana ɗa ko suruka karantawa, mata Hajiya Tasallah, maza kuma wani dattijo tsaransu, Malam Zubair. Wannan karon amsoshin suka zauna daram, na farko da na biyu kamar an kwafa. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne ranar da Dakta Ilham ta jera namu kusa da nasu. Inna, tsohuwar da ke kan dutse a Kolombiya, wadda ba ta taɓa jin sunan Hausa ba, da tsohuwar da ke unguwar Jurf a nan Madina wadda ba ta san akwai wata ƙasa Kolombiya ba, tambayoyin da suka fi yi musu nauyi iri ɗaya ne, a jere iri ɗaya. Ba zafin ciwon ne a gaba ba. Tsoron zama kaya ga 'ya'ya ne na farko, sai rashin wanda za a faɗa wa. Na daɗe ina kallon allon nan ina tasbihi. Harsuna daban, addini daban, abinci daban, teku a tsakani, amma Wanda ya ƙera zukatan guda ne, kuma ga shaidar a gabana cikin layuka biyu da suka hau kan juna. Ita ma Dakta Ilham daga baya ta ce yanzu tana tunanin ko a cikin nata tsofaffin ma akwai waɗanda suka ɓoye wa 'ya'yansu, ba ta dai sami mai juya mata takarda ba ne.

Ina cikin wannan murna Hajiya Tasallah ta tsaya a bakin ƙofa za ta fita, ta juyo ta tambaye ni, kamar abin bai dame ta ba, wai ni ɗa na nawa ne a wurin mahaifiyata, kuma wa ya karanta mata tata takardar. Ni ne ɗan farinta, Inna, kuma ni na karanta mata.

Ranar Asabar bayan La'asar ta zo gidanmu da ledar dabino, a matsayin mai dubiya kawai, ba takarda ba biro. Ta kore ni, ta kori Suhaila, ta ja ƙofa. Awa biyu suna ciki. Da farko ba na jin komai, can sai na ji dariyar Hajiya, irin wadda rabona da ji tun kuna zama a tsakar gida kuna tsinke zogale. Da Hajiya Tasallah ta fito ta ce in ba ta takarda sabuwa, Hajiya ce da kanta ta nema. Ta koma, ta sake fitowa, ta ce in mayar da ita gida. Sai da muka isa Ƙiblatain ta miƙo mini takardar a ninke. Ta ce wannan ba ta bincike ba ce, saƙo ne. Hajiya ta ce a ba ɗan Zinariya, ita bakinta ba zai iya ba, kuma ya san abin da zai yi da ita. Daga ɗakin da ke jikin nawa, bango ɗaya tsakaninmu, sai da saƙon ya zaga rabin Madina kafin ya iso hannuna.

A cikin mota na karanta, a gefen masallaci, kafin a kira Magariba. Shekara biyu ke nan tafin ƙafafunta suna yi mata zafi kamar ta taka garwashi, ba dare ba rana. Wannan sanannen abu ne ga masu suga, Inna, ina koyar da shi a aji, na san maganinsa da awonsa, kullum ina wucewa ta gabansa a kan kanta. Barcinta bai wuce awa uku. Wata goma sha huɗu da ta daina zuwa Harami, Masallacin Manzo, tana ce mana cunkoso ne ba ta so, ashe takawa ce ba ta iyawa, kuma ta gwammace ta haƙura da ta hau keken marasa lafiya ɗan farinta yana tura ta a bainar jama'a. Ko a gaban likita ba ta faɗa, don ni ne mai yi mata tafinta. Ta kuma gaya wa Hajiya Tasallah cewa tana jin nauyin ta yi ƙorafi a garin Manzo, inda wasu ke kuka su zo ko na kwana ɗaya. Hajiya Tasallah kuwa ta ce mata faɗa wa mai magani ba ƙarar Ubangiji ba ce. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar ƙarfi mamaki ne. Mace ta kwana bakwai a mako a kan wuta, shekara biyu, ta fito da safe ta amsa gaisuwata da murya lafiya lau, ta tambaya ko yara sun karya. Ban san akwai irin wannan ƙarfi a cikin ɗan Adam ba, kuma ashe a gidana yake, ina wuce shi da jakar aiki.

Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce mini ba, kuma na san har abada ba za mu yi maganar ba. Na dai sa an canja mata likita zuwa mace mai jin Hausa, na daina shiga tare da su. An ƙara mata maganin ƙafar, yanzu kwana goma sha takwas, Suhaila ta ce tana jin minsharinta. Ranar Litinin da ta wuce Hajiya Tasallah ta zo ta kai ta Harami a keken da na saya da hantsi. Ni na sauke su, na ce ina da aji, na zaga na ajiye mota na biyo su daga nesa kamar ɓarawo. Manyan lemomin harabar nan suna buɗe, inuwa ta rufe ko'ina, tattabaru suna sauka. Da suka zo inda ake hango koriyar ƙubba sai na ga ta ɗaga hannu an tsaya. Ta daɗe tana kallo, ta sa gefen mayafi ta share ido, sannan suka shige ƙofar mata. Na tsaya a bayan ginshiƙi ina salati har suka ɓace mini.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin wannan wasiƙa. Tambaya ta ashirin da uku cewa take: kina da wanda kike faɗa wa halin da kike ciki ba tare da kin rage komai ba? A nan Hajiya ta ƙi zaɓar ko ɗaya cikin amsoshin biyar. Hajiya Tasallah ta ce ta yi ta lallashi, ta ƙi. Sai ta rubuta abin da ta faɗa a gefen takarda da ajami, ga shi na kwafo miki yadda yake: “Ina da ita, amma tana Gumel.”

Inna, ƙafa na samo mata magani, keke na saya, likita na canja. Wannan kuwa ba ni da shi a kanta. Na kawo ta gari mafi albarka, na ajiye ta tsakanin ɗan da take kunya, da surukar da take kunya, da jikokin da ke amsa mata da Larabci, na ɗauka na gama mata komai. A waya ma ba ta sakewa da ke, don wayar tawa ce, kuma ina tsaye ina jira a miƙo mini. Hajiya Tasallah mutuniyar kirki ce, amma ba ita ta kwana ɗaki ɗaya da ita shekara goma sha biyar ba, ba ita ta san sunan da kakarku take kiran ta da shi ba.

Na san za ki ce kin yi Hajjinki Allah ya karɓa, jirgi yana toshe miki kunne, kuma wa zai kula da awaki. Hassana za ta kula da awaki, na riga na yi magana da mijinta. Kunne kuma na yi miki alkawarin alewar tsotso cike da jaka. Takardun bizar ziyara suna hannun Alhaji Mahmudu tare da wannan wasiƙa, hotonki da fasfo kawai ake jira, kuma zai dawo nan kafin azumi, sai ku taho tare. Ba na roƙon ki don Umra, ko da yake za ki yi ta in sha Allahu. Ke kika karɓe ni daga hannunta lokacin da kunya ta hana ta riƙe ni. Yau ma abin da kunyar ta hana ni yi mata nake roƙon ki zo ki yi.

Ki gaishe mini da Kawu Abdulazeez da iyalinsa, da Hassana mai karatu, Allah ya yi mata albarka. Ki gaishe da Mimi da ƙannenta, da Liman, da duk mutanen layinmu. Suhaila, Usama da Hibatullahi suna gaishe ki. Hajiya ba ta san na rubuto ba, amma tun shekaranjiya ta sa Suhaila ta fito da katifa ta biyu ta shanya, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Ranar da kika sauka zan ɗauko ki daga filin jirgi, in kawo ki har ƙofar ɗakinta, in ajiye jakarki, in ja muku ƙofa in fita. Ba zan tambayi abin da kuka ce ba.

Wassalam. Naki ɗa,
Ya'u, ɗan Zinariya